ƘWAYAR BARCI DA YAWON DARE: A TAMBAYI ABIN DA YA SHA KAFIN A YANKE MASA HUKUNCI

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a wajen taron ƙungiya a garin Fika. Mun buga shi kamar yadda ya karanta, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Shugaban taro, iyayenmu malamai, dattawan unguwa, iyayenmu mata, 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da direbobi, da kuma samarinmu, muna yi wa kowa barka da zuwa. Muna miƙa gaisuwa ga Mai Martaba Sarkin Fika, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, da kuma masu masaukinmu Bolewa waɗanda muke zaune da su lami lafiya tun kaka da kakanni.

Shugabanni sun umarce mu da mu yi magana a kan wani al'amari da ake raina shi, alhali yana iya cin mutuncin mutum, har ma da ransa. Wato yadda wasu ƙwayoyin sa barci suke tayar da mutum cikin dare, ya yi tafiya, ya buɗe ƙofa, ya ci abinci, ya yi magana da mutane, gari ya waye ya rantse da Allah bai motsa daga shimfiɗarsa ba, kuma rantsuwar tasa gaskiya ce a wajensa. An ɗora mana wannan nauyi ne domin mu 'yan kasuwa ne, kuma a kasuwa ne wannan matsala take farawa. Mu ne muke saro kaya, a rumfunanmu da kemis-kemis ɗinmu ake sayen ƙwayar, sannan da yawa daga cikinmu mu ne masu shan ta.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Magagin barci ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Yaro ɗan shekara 6 ko 8 yakan tashi cikin dare idonsa biyu, ya nufi ƙofa ko ya yi fitsari a kusurwar ɗaki, uwarsa ta kama hannunsa ta mai da shi shimfiɗa, da safe bai san an yi ba. Wannan yakan faru ne a farkon dare lokacin da barci ya fi nauyi, yakan bi dangi, kuma yawancin yara suna dainawa da kansu idan sun tasa. Zazzaɓi da gajiya da rashin isasshen barci suna ƙara shi. To, abin da ya tara mu yau daban ne. Muna magana ne a kan magidanci ko matar aure, mutum da hankalinsa, wanda bai taɓa yin haka ba tun da aka san shi, kwatsam sai ya fara. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Idan aka ga haka, tambayar farko ita ce: me yake sha kafin ya kwanta?

Jama'a, ga yadda abin yake aiki a taƙaice. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kamar kasuwa ce mai layi-layi. Akwai layin da ke kula da motsin hannu da ƙafa, akwai layin da ke auna abu ya ce wannan daidai ne wannan kuskure ne, akwai kuma magatakarda mai rubuta duk abin da ya faru domin a tuna gobe. A barci na gari kasuwar nan gaba ɗaya take tashi. Ita kuwa ƙwayar barci ƙarfafa wani sinadari take yi wanda aikinsa shi ne kwantar da ƙwaƙwalwa. A jikin wasu mutane sai ta rufe layin hankali, ta kwantar da magatakarda, amma ta bar layin motsi a buɗe. Sai jiki ya tashi ya kama yin abubuwan da ya saba, kamar zare sakata, hura wuta, tayar da babur ko buga waya, ba mai tsawata masa daga ciki, ba kuma mai rubutawa. Shi ya sa za ka ga idonsa a buɗe, har ya amsa maka magana sama-sama, amma mutumin ba ya nan.

Maganin da ya fi yin suna a wannan fanni shi ne zolfidem, wanda a jikin kwalinsa za a ga an rubuta Stilnox ko Ambien, ko kuma Zolpidem kai tsaye. An fara ba da izinin sayar da shi a Amurka a shekarar 1992, aka kuma yi ta yabonsa cewa ya fi tsofaffin ƙwayoyin barci sauƙin illa. Da tafiya ta yi tafiya sai labarai suka fara fitowa. A shekarar 2006 wani ɗan majalisar wakilan Amurka, Patrick Kennedy, ɗan ƙanin tsohon Shugaba John Kennedy, ya tashi wajen ƙarfe uku na dare ya shiga motarsa, ya je ya daki shinge kusa da ginin majalisa, yana gaya wa 'yan sanda wai ya makara ne wajen kaɗa ƙuri'a, alhali majalisa ta daɗe da tashi. Daga baya ya bayyana cewa Ambien ya sha tare da Phenergan, wannan dai Phenergan ɗin da muka sani ake ba mai amai, kuma ba ya iya tuna fitarsa daga gida. A ƙasar Ostireliya kuma, a shekarar 2007, hukumar da ke bin diddigin illar magunguna ta ba da labarin wanda aka tarar yana shafa wa ƙofar gida fenti cikin barci, da wanda ya ƙara nauyin kilo 23 cikin wata 7 saboda cin abincin dare da bai san yana yi ba.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki har sau uku. A shekarar 2007 ta umarci kamfanonin da ke yin magungunan sa barci su rubuta gargaɗi game da tuƙi da girki da buga waya cikin barci. A shekarar 2013 ta rage awon zolfidem da ake ba mata daga miligiram 10 zuwa 5, domin an gano jikin mace ya fi jinkirin fitar da shi, har gari ya waye yana nan cikin jininta. Sannan a watan Afrilu na 2019 ta sa aka ɗora masa gargaɗi mafi tsanani da take da shi, shi da wasu 'yan'uwansa biyu da ake sayarwa da sunan Lunesta da Sonata. Dalilinta shi ne, cikin shekara 26 ta tattara rahoton mutum 66 da wannan abu ya yi wa mummunar illa, 20 daga cikinsu sun rasu, 46 sun ji munanan raunuka. Akwai wanda ya faɗo daga sama, da wanda ya ƙone, da wanda ya nutse a ruwa, da wanda ya yi haɗarin mota, da wanda ya harbi kansa. Hukumar ta ce abin yana iya faruwa ko da ƙwaya ɗaya mutum ya sha, ko da kuwa bai wuce awon da likita ya ce ba, kuma duk wanda ya taɓa same shi sau ɗaya, kada a sake ba shi maganin.

Gaskiya ne cewa idan aka dubi miliyoyin masu shan waɗannan magunguna, waɗanda abin ke samu kaɗan ne. Amma fa can ƙasa ce da sai da takardar likita ake ba ka ƙwayar, likita ya san ka, ya san sauran magungunan da kake sha. Mu nan yaya muke yi?

Mu nan, ƙwayoyin da suka fi yawo a hannun mutane su ne Valium, wato diyazifam, da Lexotan, da Rohypnol wanda samari suke lalata kansu da shi. Hujjar da aka fi samu game da yawon dare a kan zolfidem take, amma su ma waɗannan wuri ɗaya suke taɓawa a ƙwaƙwalwa, kuma an san su da sa mantuwar abin da ya faru bayan an sha, da ruɗewa, da jiri, da faɗuwa, musamman ga tsofaffi. Haka kuma wasu magungunan ciwon damuwa da na taɓin hankali an same su da tayar da mutum cikin barci. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a shekarar 2019, ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma wajen 481,000 daga cikinsu ƙwayoyin barci da na kwantar da hankali suke sha ba bisa ƙa'ida ba. Kada mu ɗauka dukkansu 'yan iskan gari ne. A cikinsu akwai alhazai da hajiyoyi waɗanda barci ne kawai ya ƙaurace wa idonsu.

Kuma mun san abin da ke hana mu barci. Ɗan kasuwa ya karɓo kaya bashi daga Kano, ya kai Ngalda ko Gadaka ciniki bai yi ba, ya dawo ya kwanta yana lissafi har kiran assalatu. Direban babbar mota ya taso daga Legas zuwa Potiskum, ya cika cikinsa da goro da shayi da Nescafé don kada barci ya sace shi a hanya, ya iso gida idonsa ya ƙi rufuwa, sai ya aika yaro kemis. Ga zafin bazara, ga sauro. Bugu da ƙari, wannan yanki namu ya ga tashin hankali. Harin da aka kai kasuwar shanu ta Potiskum a shekarar 2012, da bam ɗin da ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya ta garin a shekarar 2014, sun bar mutane da yawa waɗanda har gobe ƙarar faɗuwar kwano tana firgita su. Irin waɗannan bayin Allah ba abin zargi ba ne. Abin da muke cewa shi ne, katin ƙwaya da aka saya ba takarda ba ya warkar da bashi, ba ya warkar da firgici, kuma yana iya ƙaro wata masifar a kan wadda ake ciki.

Akwai wani haɗari da ya shafe mu musamman. Ƙa'idar waɗannan magunguna ita ce, a sha su lokacin da mutum ya riga ya hau shimfiɗa, kuma yana da awa 7 ko 8 a gabansa na barci. To mu kuwa sai mu yi hira a dandali har sha biyun dare, mu haɗiyi ƙwaya, mu tashi asuba wajen ƙarfe biyar, wani ma ya kama hanyar kasuwa a kan babur. A watan azumi abin ya fi muni, domin ana tashi sahur tun ƙarfe huɗu, uwargida ta nufi murhu da gawayi ko tukunyar gas maganin yana tsakar aiki a jikinta. Wani kuma idan ƙwaya ɗaya ba ta kwantar da shi ba sai ya ƙara ta biyu, ko ya haɗa da Piriton, ko tiramadol, ko maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun shekarar 2018. Duk wani haɗi irin wannan ninka haɗarin yake yi, kuma yana iya tsayar da numfashi gaba ɗaya, balle ga mai yawan minshari wanda numfashinsa ke sarƙewa cikin barci.

Yanzu mu dubi gidajenmu da idon mai tafiya cikin barci. Rijiya a tsakar gida ba murfi. Garwashi a murhu. Wuƙa da adda a jingine a kicin. A bazara kowa a waje yake kwana, ƙofar zaure a buɗe don iska. Makullin babur a ƙarƙashin matashi. Wanda ke da ciwon suga zai iya tashi ya cinye abin da aka hana shi, gari ya waye ana mamakin yadda jikinsa ya rikice.

Amma, ranku ya daɗe, abin da ya fi ba mu tsoro shi ne hukuncin jama'a. A ce 'yan sintiri sun ga mutum ƙarfe biyun dare yana taɓa ƙofar shagon wani, ko ya faɗa zauren da ba nasa ba, an yi masa magana bai ba da amsa mai ma'ana ba. Ihun ɓarawo ɗaya ya isa a hallaka shi kafin a gane ko wane ne. Ko da ya tsira da ransa, sunansa ya ɓaci, kuma mu da muke zaune a garin mutane mun san cewa ba shi kaɗai za a ambata ba, cewa za a yi Bahaushe ne. Idan kuwa mace ce aka gani a waje cikin dare, aure na iya mutuwa a kan abin da ba ta san ta yi ba. A cikin gida kuma, sai a ce kishiya ce ta yi mata asiri, ko mayu sun kama kurwarta, ko aljani ne ya aure ta, zumuncin shekara da shekaru ya watse.

Mu Musulmi ne, mun yi imani da samuwar aljanu, kuma addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba sa hana zuwa asibiti. Sai dai bai dace a yi wata uku ana turare da rubutu, ana zargin bayin Allah, alhali katin ƙwaya yana nan cikin aljihun rigar maras lafiya, ba wanda ya tambaya. Muna roƙon iyayenmu malamai, duk wanda aka kawo muku da irin wannan larura, ku fara tambayarsa ko yana shan wani abu don barci.

Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa mai barci ba a rubuta masa zunubi har sai ya farka, kuma sakin da ya furta cikin barci bai auku ba. An kuma karantar da mu cewa idan ya ɓata dukiyar wani, biya yana kansa, domin haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da barci. Har ila yau malaman Malikiyya sun bambanta wanda hankalinsa ya gushe ta hanyar magani na halal da wanda ya gusar da shi da gangan don maye. Ga malamai nan zaune, su za su yi mana cikakken bayani. Abin da muka fahimta dai shi ne, wanda aka riga aka gaya masa ƙwayar nan tana tayar da shi, ya ci gaba da sha ba shawarar likita, to ya san uzurinsa ya yi rauni.

Saboda haka ga shawarwarin da muke gabatar wa wannan taro.

Na farko, ga wanda ya ga mutum yana tafiya cikin barci. Kada a yi masa tsawa, kada a mare shi, kada a watsa masa ruwa. Maganar da ake yi cewa tashinsa zai haukata shi ko ya kashe shi ba ta da tushe, sai dai idan aka firgita shi yana iya kai duka ko ya ruga ya ji ciwo. A kira sunansa a hankali, a kama hannunsa a mai da shi shimfiɗa. Idan yana gab da wuta ko rijiya ko titi, a tare shi ko ta halin ƙaƙa. Da safe a keɓe da shi a gaya masa abin da ya faru cikin mutunci, kada a mai da shi abin dariya a majalisa, kada kuma yara su ɗauke shi a waya su watsa.

Na biyu, ga iyalin gida. A rufe rijiya, a kashe garwashi, a kulle ƙofar waje a cire makulli, a ɓoye makullin mota da na babur a wajen wani. Kada ya kwana a saman ɗaki ko kusa da jariri. A kuma lura da alamu, kamar kwanon abinci da aka wayi gari an cinye, ko kira a wayarsa da bai san ya yi ba, ko ƙura a ƙafarsa da safe.

Na uku, game da maganin kansa. Idan zolfidem ne, kada ya sake sha a daren, ya ga likita washegari. Idan kuwa Valium ne ko Lexotan da ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke rana ɗaya, domin jiki ya riga ya saba, yankewar farat ɗaya tana iya kawo rawar jiki da farfaɗiya. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. A tafi da kwalin maganin da duk wani abin da yake sha, har da na gargajiya, kada a ɓoye komai, don wanda ya ɓoye ciwonsa ciwo zai ɓoye shi. A fara da babban asibitinmu na nan Fika ko na Potiskum. Idan abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin koyarwa a Damaturu da Gombe, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin mutum mahaukaci ne. Ganin likita wajibi ne ko da ba a sami ƙwaya ba, domin wani nau'in farfaɗiya yana kama da yawon barci.

Na huɗu, ga 'yan'uwanmu masu kemis. Lasisin da Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa take ba ku na sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne, ƙwayoyin barci ba sa ciki. Kun ga yadda aka tashi masu sayar da magani daga Sabon Gari a Kano zuwa Dangwauro a shekarar 2024, kun kuma san aikin NAFDAC da NDLEA. Amma tun kafin hukuma ta zo, ku tuna ribar kati ɗaya ba ta kai ran maƙwabci ba. Wanda ya zo muku yana kukan rashin barci, ku tura shi asibiti.

Na biyar, ga 'yan sintirinmu. Duk wanda kuka kama cikin dare, ku haska fuskarsa, ku riƙe shi, ku kai shi wajen mai unguwa ko 'yan sanda. Ɓarawo gudu yake yi ko ya kare kansa da ƙarya. Wanda ya tsaya sororo, ba takalmi, yana sambatu, ku yi masa uzuri har gari ya waye. Muna kuma ba shugabanni shawara su kai wannan bayani ga masu unguwannin Bolewa, don a fahimci juna tun kafin wani abu ya faru.

Na ƙarshe, ga mu duka da barci ke yi wa wuya. Sinadarin da ke cikin goro da shayi da Nescafé yakan yi wajen awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jiki, don haka a daina su daga la'asar. A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, a taƙaita ƙailula, a ajiye waya da littafin bashi nesa da shimfiɗa, a kafa gidan sauro. Wanda damuwa ta yi masa yawa ya nemi ɗan'uwan da zai gaya wa, ai don haka aka kafa wannan ƙungiya. Idan an yi makonni abin bai gyaru ba, a je asibiti a nemo dalili, domin sau da yawa rashin barci alama ce ta wani ciwon, kamar hawan jini ko ciwon damuwa. Idan likita ya rubuta ƙwaya, a sha yadda ya ce, na kwanakin da ya ce, a kuma sanar da wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi. Kada a ba wani ragowar.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Muna roƙon kowa da ya koma gida yau ya duba abin da ke cikin kwabarsa da ƙarƙashin matashinsa, iyaye mata kuma su isar da saƙon ga waɗanda ba su fito ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu barci mai albarka, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya zaunar da Fika da Jihar Yobe da Nijeriya baki ɗaya lafiya.